Tayoyin baya masu juyawa: ci gaba ne ko ƙarin wahala ga mai mota a Kano?

Direban Gida: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga kanikawanmu da injiniyoyinmu. Maigidana ya canza mota, ya kawo Mercedes S-Class sabuwar yayi. Na kai ta wanki, ina cikin juya ta in saita ta a wurin tsayawa, sai yaron wankin ya ƙwala min kira wai in tsaya, tayar baya ta karye. Na fito na duba, wallahi a karkace take. Na koma na miƙe sitiyari, ita ma ta miƙe. Na sake murɗawa ta sake karkacewa, kuma ba ɓangaren da tayoyin gaba suka kalla take kallo ba, ɗaya ɓangaren. Maigida dariya kawai ya yi, ya ce haka aka ƙero ta. To ni hankalina bai kwanta ba, don ni ne mai hawa titin Kaduna da iyalinsa. Me yake juya ta? In ina tsaka da gudu ta ga damar juyawa fa?

Baba Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Yaro, a zamaninmu in ka ga tayar baya ta kalli gefe, janwe ake nema. Na daɗe ina jan 504 tsakanin Kano da Jos, tayar baya aikinta ɗaya ne, ta bi ta gaba. Yanzu kuma ita ma an ba ta 'yanci.

Abban Walid: Ba fowil ba ce kuwa? Irin ta Hilux?

Oga Rewaya: A'a Malam, hanyar jirgi daban ta mota daban. Fowil magana ce ta tayoyi nawa inji yake turawa. Wannan kuwa magana ce ta tayoyi nawa ke karɓar umarnin sitiyari. Mota tana iya samun ɗaya ba ɗaya, tana iya haɗa duka biyun.

Injiniya Na Tarauni: Malam Direba kwantar da hankalinka, motar lafiyarta ƙalau. Abin da ka gani rabin aikin ne, rabin da ido yake iya kamawa.

Idan tana tafiya a hankali, ƙasa da wajen kilomita 60 a awa, tayoyin baya suna juyawa saɓanin na gaba. Ka murɗa dama, su kalli hagu. Ka san yadda mutum biyu ke shan kwana da dogon katako a lungun cikin gari? Na baya ba ya bin sawun na gaba, buɗewa yake yi ya yi waje, sai katakon ya shige. Haka bayan motar yake yi. Irin taku doguwar, tsawonta ya kusa mita 5.3, tazarar tayar gaba da ta baya kuma ta haura mita 3.2. Ba tare da wannan na'urar ba tana buƙatar fili mai faɗin kusan mita 13 kafin ta yi cikakken zagaye. Mai juya tayar baya har digiri 10 tana yi a mita 10.9, wato kusan abin da Corolla take buƙata. Akwai kuma mai digiri 4.5 kawai, amma tunda har yaron wanki ya tsorata, ina kyautata zaton mai 10 ce a hannunka.

Da ka wuce wancan gudun kuma sai lamarin ya juye. Tayoyin baya su riƙa bin inda na gaba suka kalla, amma ɗan kaɗan ƙwarai, wanda ko wanda yake bin ka a baya ba zai lura ba. A wurina wannan rabin ya fi muhimmanci, duk da ba shi ake nunawa a bidiyo ba.

Maman Aiman: Injiniya wannan na biyun ne ban gane ba. In duk tayoyin huɗu sun kalli waje ɗaya, ai motar gefe za ta tafi, ba kwana za ta sha ba.

Injiniya Na Tarauni: Hajiya tambayarki a kan hanya take. Da a ce juyawarsu daidai take da juna, da haka za a yi. Amma na gaba ne suke juyawa da yawa, na baya ɗan taɓawa suke yi, don haka kwana tana nan.

Ga dalilin. A motar da muka saba, idan kika kauce wa rami a kan gudu, abubuwa ba sa faruwa lokaci ɗaya. Tayoyin gaba ne suke fara juyawa su ja hancin motar. Sai jikin motar ya ɗan karkata. Sai a sannan tayoyin baya suke jin an karkatar da su, su fara riƙe kwalta ta gefe. Wannan ɗan jinkirin bai kai daƙiƙa ɗaya ba, amma shi ne abin da kike ji kamar bayan motar ya yi lilo bayan kin dawo hannunki. Wanda yake kujerar baya ya fi kowa jin sa. In gudun ya yi yawa, ko titin da yashi, ko an yi yayyafi, daga wannan lilon ne mota take yin katantanwa. Idan kuwa tayoyin baya suka ɗan juya tare da na gaba, suna fara riƙon titi nan take, ba sai sun jira jikin motar ya karkata ba. Sai motar ta matsa gefe gaba ɗayanta, ta dawo gaba ɗayanta.

A taƙaice, a hankali motar tana yi kamar gajeriya ce, a guje tana yi kamar ta fi tsawonta. Gajeriyar mota ta fi saurin juyawa, doguwa ta fi zama a titi. Mai ƙera mota a da dole ya zaɓi ɗaya.

Baba Tsohon Direba: To ni abin da na sani mai juyawa da baya shi ne motar ɗaga kaya ta kamfanonin Sharada da Bompai. Ita kuma ko mahaukaci ba ya gudu da ita.

Injiniya Na Tarauni: Allah ya ƙara girma Baba, ai ka ba da amsar da kanka. Waccan kullum da baya take juyawa, shi ya sa take juyi a tsakanin kaya kamar ba komai, shi ya sa kuma in aka yi gudu da ita take kifewa. Duk hikimar na'urar motar nan ita ce sanin lokacin da za ta yi irin na motar ɗaga kaya da lokacin da za ta daina.

Direban Gida: To wa yake gaya mata? Nan ne tsorona yake. Sitiyarin yana haɗe da bayan ne da wani ƙarfe?

Oga Rewaya: Babu ƙarfen da ya taso daga sitiyari zuwa baya, waya ce kawai. Bari in faɗa maka abin da za ka gani in an ɗaga motar. A tsakanin tayoyin baya akwai wani dogon akwatin alminiyam a kwance, ya yi kama da rak ɗin sitiyarin gaba, wato ƙarfen da ke tura tayoyin gaba hagu ko dama. A cikinsa akwai ƙaramar motar lantarki, wato ɗan inji mai juyawa da wuta irin na fanka, da bel mai haƙora, da wani babban noti da sandar ƙarfe ta ratsa ta cikinsa. Motar lantarkin ta juya bel, bel ya juya noti, noti ya tura sandar hagu ko dama. Bakin sandar biyu suna haɗe da hannuwan da ke riƙe saitin tayoyin, kamar dai tayarod. Shi ke nan. Wasu motocin, irin Porsche 911, maimakon akwati ɗaya a tsakiya sai a sa ƙanana biyu, kowace taya da nata.

Mai ba da umarni kuma birenbos ne, wato kwamfutar motar. Yana karanta yawan murɗa sitiyarinka da saurin murɗawar daga sensa da ke wuyan sitiyari. Yana karanta gudun kowace taya daga sensa na ABS, na'urar da ke hana birki kulle taya. Akwai kuma sensa da ke auna yadda jikin motar yake juyawa a kan kansa da yadda kwana take jan ta gefe. A cikin akwatin ma akwai mai gaya masa inda sandar take a yanzu. Yana haɗa waɗannan sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa.

Maganar ta juya da kanta kuwa, an yi tunaninta. Zaren sandar nan a yawancinsu irin na jak ɗin mota ne, noti yana iya tura sanda amma sanda ba ta iya juya noti. Don haka ko ka faɗa rami, tayar ba za ta tura shi ba. In kuma birenbos ya ga wani sensa yana faɗin abin da bai yi daidai da na sauran ba, ko wuta ta yi ƙasa, sai ya mayar da tayoyin tsakiya in zai iya, ya kulle, ya kunna maka gargaɗi a dashbod. Motar ta koma kamar kowace mota. A kan gudu ma tun asali ba a ba shi izinin juyawa mai yawa ba.

Direban Gida: Alhamdu lillahi. Oga ka cire min ƙaya. Abu ɗaya na lura da shi, in na faka a jikin katanga zan fita, in na murɗa sitiyari duka, bayan motar yana ɗan matsawa wajen katangar kafin ya biyo.

Oga Rewaya: Wannan gaskiya ne, kuma ka riƙe shi. Na gefen kwata da kwalbati ma haka. Kada ka manne ta da gini ka ce za ka fita da cikakken murɗi. Ka ɗan ja gaba tukuna. A ribas ma ka sake koyon ta, don tana shiga da wuri fiye da yadda hannunka ya saba. Direbobi da yawa a makon farko suna shan kwana da wuri, su hau dakalin titi da tayar ciki.

Ɗan Jami'a: Ina neman izinin manya in ɗan sa baki. Baba yana maganar kamar sabon abu ne, alhali abin ya girme ni nesa ba kusa ba. Nissan ta sa nata, mai suna HICAS, a Skyline tun 1985, da ƙarfin mai take aiki irin na pawa sitiyari. Mazda ta sa nata a 626 wajen 1987, tana juyawa har digiri 5, kuma tana canza hali a kilomita 35 a awa. Mitsubishi ta sa a Galant VR-4. Amma wadda ta fi burge ni ita ce Honda Prelude ta 1987, don ita ba kwamfuta ba sensa. Doguwar sanda ce ta taso daga rak ɗin gaba ta bi ƙarƙashin motar zuwa wani ƙaramin akwatin giya a baya. In ka murɗa sitiyari kaɗan, tayoyin baya su bi na gaba har digiri 1.5. In ka ci gaba da murɗawa su dawo tsakiya, su wuce zuwa ɗaya ɓangaren har digiri 5.3. Motar ba ta san gudun da take yi ba. Lissafinsu shi ne, mai gudu ba ya murɗa sitiyari da yawa, mai murɗawa da yawa kuma ba gudu yake yi ba. Da ƙarfe zalla suka warware abin da yau ake yi da birenbos.

Baba Tsohon Direba: To ka ga wannan ta Honda na yarda da ita. Abin da bakanike zai kwance ya gani da idonsa ya mayar. Amma ɗana, tunda ka yi karatun, gaya min: in abin kirki ne, me ya sa suka daina? Honda nawa suka shigo Kano daga Kwatano, nawa ka gani da shi?

Ɗan Jami'a: Baba ka kama ni a nan. Sun ja baya da shi a shekarun 1990. Yana ƙara kuɗi, yana ƙara nauyi, masu aiki da mai kuma ga bututu har baya ga yoyo. A lokacin kuma tayoyi suka inganta, aka ƙware wajen ƙera ƙafar baya mai hannuwa da yawa, sannan a 1995 Mercedes da Bosch suka fito da ESP, mai taka birkin taya ɗaya ɗaya don hana mota katantanwa. Sai mai saye ya ga ba dalilin ƙarin kuɗi. A Amurka ma General Motors ta gwada a manyan akori-kura irin GMC Sierra da Chevrolet Silverado daga 2002, da sunan Quadrasteer. Masu jan tirela sun yaba, amma tsada ta hana shi kasuwa, a 2005 aka daina.

Baba Tsohon Direba: Ka ji ko. Turawan da kansu suka ajiye.

Injiniya Na Tarauni: Sun ajiye sun kuma dawo sun ɗauka, Baba, don abin da ya kashe shi shi ya dawo da shi. Da ESP ya zama ruwan dare, duk sensa ɗin da ake buƙata sun riga sun shiga mota. Saura kawai a ƙara motar lantarki a baya, ba famfo ba bututu. Renault ta dawo da shi a Laguna GT a 2008 da digiri 3.5, BMW ta sa a 7 Series a shekarar, Porsche a 2013, Audi Q7 a 2015 da digiri 5. Kamfanin ZF na Jamus yana ƙera wa da yawa daga cikinsu. Sannan motocin kansu sun yi girma sun yi nauyi. Masu aiki da batir sun fi kowa buƙata, don batirin a shimfiɗe yake tsakanin tayoyin gaba da na baya, dole a buɗa tazarar. Shi ya sa kake ganin sa a Mercedes EQS da Cybertruck da Hummer ta lantarki.

Maman Aiman: Hummer ɗin nan ce nake gani a bidiyo tana tafiya a kaikaice?

Ɗan Jami'a: Ita ce Anti. A can ne ake barin tayoyin baya su bi na gaba daidai wa daida, har digiri 10, a tafiyar hankali. Wato ainihin abin da kika tambaya ɗazu, sun mayar da shi abin talla.

Maman Aiman: Ni dai da za a sa min a tawa ina so. Duk wanda ya taɓa neman juyawa a bakin Kantin Kwari da yamma, 'yan adaidaita sahu sun kewaye shi, masu baro suna buga masa bodi, ya san darajar mita 2. Sai ka yi gaba ka yi baya sau uku ana zuba maka hon kamar ka yi sata.

Alhaji Dillali: Hajiya ki zo mu yi ciniki kawai. Amma maganar gaskiya, mutane suna ɗauka sai motar miliyoyi masu yawa ke da shi. Akwai masu hawa da shi a garin nan ba su sani ba. Acura RLX da TLX masu jan gaba suna da shi, P-AWS suke ce masa. Wasu Infiniti masu lambar Sport suna da shi, wasu Lexus GS F Sport ma haka. Nasu bai wuce digiri 2 ba, don haka ba mai ganin ya juya.

Malamin Makaranta: Alhaji kamar ka san abin da ke damuna. Tun ɗazu nake karantawa ina jinjina kai. TLX ce da ni, ta hannu na saya. Tun bayan damina tayoyin baya suke cinyewa ta ciki, sitiyarin kuma sai na riƙe shi a ɗan karkace motar take tafiya daidai. Wani lokaci gargaɗi ya fito a dashbod da safe, in na kashe na kunna ya ɓace. Na kai wani wurin alaimen sun yi, ba ta canza ba. Na koma, sai mai wurin ya leƙa ƙasa ya ce wasu na'urori ne a baya suke wasa, in kawo mai walda a ƙone su a wuri ɗaya in huta. Har na sa ranar Asabar.

Oga Rewaya: Malam don Allah kada ka kai ta. Ka soke wannan Asabar ɗin.

Baba Tsohon Direba: Me ya sa? Ni a ganina mutumin nan ya faɗi gaskiya. Abin da ba ya motsi ba ya lalacewa. Malamin makaranta ne, albashi yake jira. Ku bar shi ya kashe abin ya huta.

Alhaji Dillali: Ni ma ina bayan Baba rabi da rabi. Kayan nan ba a cika samun su a Ƙofar Ruwa ba, sai an yi oda ko a jira wadda ta yi hatsari a cire. In ya tsaya jiran na asali motar za ta yi wata a gareji.

Ɗan Jami'a: A waje ma ana yi ai. Masu tsofaffin Nissan suna cire HICAS su ɗaura sandar ƙarfe a wurin.

Oga Rewaya: Ƙanina, waɗancan sanda ce da aka ƙera don wurin, aka auna ta, ana ɗaure ta da noti, kuma a motar 1990 wadda birkinta bai san da zaman sitiyarin baya ba. Ba walda ba ce a bakin titi. Bari in yi bayani dalla-dalla, don wannan ita ce matsalar da za mu riƙa gani a garin nan.

Na farko, har yanzu ba wanda ya san me ya lalace. Ba a sa sikana ba, wato na'urar da ke karanta laifin da birenbos ya rubuta. An leƙa da ido ne kawai. Gargaɗin da ke zuwa da safe ya ɓace in an sake tayarwa, ni abin da nake fara dubawa batir ne. Motocin lantarkin nan suna jan wuta, in batir ya yi sanyi lokacin tayarwa sai birenbos ya rubuta laifi. Na biyu, ka ce bayan damina. Soket ɗin na'urar a ƙasa yake kusa da taya. In ka ratsa ruwan da ke kwanciya a titunanmu, ya shiga, sai kan wayar ya yi kore. Wani lokaci wanke soket ne kawai aikin. Haka robar da ke rufe sandar, in ta yage ƙura da ruwa su shiga su ci zaren. Na uku, rami yana iya lanƙwasa hannun taya ko ya kashe bushin, na'urar kuma lafiyarta ƙalau.

Sai babbar maganar, alaimen. Motar nan ba a yi mata alaimen kamar Golf. Dole a fara sa sikana a umarci na'urorin baya su koma tsakiya su tsaya, sannan a saita baya, sannan gaba, sannan a nuna wa sensa na sitiyari inda miƙe yake. In aka tsallake wannan, mai alaimen yana saita taya ne a kan na'urar da ba a tsakiya take ba. Ka fita ta koma inda ta sani, aikinsa ya tashi a banza. Ina zargin abin da ya same ka ke nan.

Yanzu ka ce an yi walda. A wane matsayi za a ƙone ta? In a karkace take, ka dawwamar da cin tayar. Zafin walda zai kashe abin da ke ciki, wanda da ana iya gyarawa. Birenbos zai yi ta turawa abu ba ya motsi, gargaɗi ya zauna daram, kuma a motoci da yawa in wannan ya faɗi yana iya jan na'urar hana katantanwa su tafi tare. Ka kashe abu ɗaya ka rasa biyu.

Injiniya Na Tarauni: In ƙara a kan na Oga. Ta Acura ɗin nan kowace taya da na'urarta, kuma tana da wani aiki da masu akwati ɗaya a tsakiya ba sa iyawa. In ka taka birki da ƙarfi, tana ɗan karkato da gaban tayoyin baya duka biyu zuwa ciki don motar ta tsaya a miƙe. Masu ƙera ta sun saita sauran ƙafar motar ne da sanin cewa wannan yana nan.

Baba Tsohon Direba: Duk na ji. Amma ku amsa min wannan. Mutum nawa ne a Kano suke da sikanan da zai yi abin da Oga ya lissafa? In motar ta lalace masa a Kwanar Ɗangora da daddare fa? Ni 504 da filaya da waya nake kawo ta gida.

Oga Rewaya: Baba a Kwanar Ɗangora ba za ta tsayar da shi ba, kullewa za ta yi ya taho a hankali. Amma maganar ƙarancin masu aikin, wannan ka fi ni gaskiya. Masu sikana suna da yawa yanzu, sai dai yawanci karanta laifi da gogewa suka iya. Goge laifi kuma ba gyara ba ne. Masu injin alaimen na kwamfuta ma akwai su, amma ba kowa ne yake haɗa shi da sikana ba. Ni kaina ba ni da injin alaimen, sai dai in ɗauki sikanana mu tafi tare da mai mota in tsaya a kansu.

Alhaji Dillali: Shi ya sa ni in mutum ya ce min motar zirga-zirgar yau da kullum yake so, ga kai yara makaranta ga zuwa ƙauye, ba na tura shi wajen mai wannan abin. Wanda yake da direba da mota ta biyu, wannan ya saya ya more.

Injiniya Na Tarauni: Alhaji a nan ba mu rabu da nisa ba. A doguwar mota mai nauyi amfaninsa a fili yake, kuma ranar da akuya ta faɗo maka a titin Zariya kana kan 110 za ka gode masa. A matsakaiciyar mota kuwa, tayoyi masu kyau da shakazoba masu rai za su ba ka mafi yawan abin da yake bayarwa. Na sha ganin mota mai wannan na'urar a kan tayoyin da suka shekara 8, kowace da kamfaninta. Birenbos yana lissafi ne da zaton tayar za ta riƙe titi.

Abban Walid: Wai da gaske ne akwai wadda sai ka biya kuɗin shekara take juyawa?

Ɗan Jami'a: Da gaske ne. A Jamus a 2021, EQS tana zuwa da digiri 4.5, amma na'urar da ke jikinta mai iya 10 ce. In kana son sauran sai ka biya Yuro 489 a shekara su buɗe maka ta intanet.

Maman Aiman: Ikon Allah. Sitiyari ma sai an sa masa data.

Baba Tsohon Direba: Ku dai ku ci gaba. Wata rana birki za su ce kuɗinsa ya ƙare.

Malamin Makaranta: Na fasa waldar. Oga me zan yi kafin in kawo ta? Kuma zan iya zuwa Wudil da ita gobe, akwai ɗaurin aure?

Oga Rewaya: Wudil dai ka bi 'yan uwa, ka bar ta a gida. Ba na'urar nake tsoro ba, tayar da ta cinye ta ciki nake tsoro, don ta waje za ka gan ta kamar sabuwa alhali ciki ya kai waya. Ka sa hannu ta bayan tayar ka shafa, in ka ji waya tana tsira kada ma ka zo da ita a haka, ka sa safaya. Kada ka bari kowa ya goge laifin da ke cikin birenbos kafin in gani, kada kuma a cire kan batir, ina son in karanta abin da ta rubuta da kanta. In batirin ya haura shekara 2 ka gaya min. Ka zo da safe kafin rana ta yi, don sai mun ɗaga ta mun cire tayoyin baya duka biyu mun duba soket da roba da bushin, sannan mu wuce wurin alaimen tare.

Alhaji Dillali: In ta kai ga sai an canza na'urar, a yi min magana, akwai yaron da yake kawo min kaya daga Legas.

Shugaban Zaure: Alhaji, talla sai ranar Juma'a kamar yadda aka saba. Ku ƙarasa ta akwatin sirri. Malam, in an duba motar a dawo a gaya mana abin da sikanan ya nuna, akwai masu irin ta a nan.